Girkin mutanen Tirinidad: na Indiyawa ne ko na 'yan Afirka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ina zaune a Landan, maƙwabciyata kuma 'yar Tirinidad ce. Ranar Lahadi ta gayyace ni cin abinci, sai ga wata miya koriya shar mai yauƙi kamar ta kuɓewa, ga shinkafa da wake da kaza a tukunya ɗaya, ga gurasa irin ta Indiyawa, can kuma ta ɗauko zoɓo mai sanyi. Abin ya ɗaure mini kai. Girkinsu na Indiyawa ne ko namu ne na Afirka? In kuma zan gwada a gida, da wanne zan fara, me ya kamata Musulma ta kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Abin da maƙwabciyarki ta ajiye miki a gabanki, tarihin ƙasarsu ne ta dafa miki. Kuma in kika tambaye ta wanne ne nasu a ciki, za ta ce duka, gaskiya ta faɗa.

Tirinidad tsibiri ne a tekun Karebiyan, dab da gaɓar Benezuwela. Sifaniyawa ne suka fara mallake shi, amma sai bayan dokar 1783 ya cika da mutane, lokacin da aka buɗe ƙofa ga Faransawa masu gonaki daga tsibiran maƙwabta, suka zo da bayinsu 'yan Afirka. Ingila ta ƙwace tsibirin a 1797. Da bauta ta ƙare gaba ɗaya a 1838, 'yantattun bayi da yawa suka bar gonakin rake, sai masu gonakin suka koma neman 'yan ƙwadago daga Indiya. Jirgin farko, Fatel Razack, ya iso ranar 30 ga Mayu 1845, aka ci gaba da kawo su har 1917, mutum fiye da 140,000, akasarinsu daga Uttar Pradesh da Bihar. 'Yan Sin sun zo, 'yan Fotugal daga tsibirin Madeira sun zo, daga baya 'yan Siriya da Labanan. A ƙidayar 2011, jikokin Indiyawa sun kai kusan kashi 35 cikin ɗari, jikokin 'yan Afirka kusan kashi 34. Kin ga babu wanda ya rinjayi wani har ya danne tukunyarsa.

Koriyar miyar nan sunanta callaloo, kuma hankalinki bai ruɗe ki ba da kika ji ta kamar ta gida. Ganyen gwaza ne ake dafawa da kuɓewa da kabewa da madarar kwakwa, a jefa attaruhu ɗaya cikakke ba tare da an fasa shi ba, yawanci a sa kaguwa. In ta nuna, sai a tsame attaruhun a burge miyar. Tsofaffinsu da maburgin itace suke yi, ana murza shi tsakanin tafin hannu biyu, daidai yadda kakanninmu suke burga miyar kuka. Abokin cinta kuwa shi ne coo-coo, garin masara da aka tuƙa da kuɓewa har ya yi tauri ana yankawa. Duk wadda ta taɓa riƙe muciya ba sai an yi mata bayani ba. Haka accra, wanda suke soyawa da kifin gishiri da fulawa, ɗan uwan ƙosai ne, sunan ma daga akara ya fito. A Tobago, tsibirin da suke ƙasa ɗaya da Tirinidad, suna yin alewar riɗi da suke kira benne ball, kantu ne sak sai dai an mulmula shi. Zoɓon da kika sha su sorrel suke ce masa, abin shan Kirsimeti ne a wajensu, da kirfa da kanumfari da citta.

Wannan kamanni yana da dalili. Kuɓewa da riɗi da zoɓo duk a jiragen bayi suka tsallaka teku. A ƙarni na 19 akwai Yarbawa da Mandinko da Kongo da Hausawa a Tirinidad, wasu bayi, wasu tsofaffin sojojin Ingila da aka sallama aka ba su filaye, wasu kuma waɗanda aka ƙwato daga jiragen bayi aka kai su can aiki. Duk lokacin da na ga an burga callaloo sai na tuna cewa akwai matar da aka raba da garinsu da sunanta da harshenta, abin da kawai ba a iya ƙwace mata ba shi ne abin da hannunta ya sani.

Gurasar kuwa ta Indiyawan ce, roti. Iri-iri ce. Akwai sada mai kauri ta karin kumallo, wadda ake ci da choka, wato yalo ko tumatir da aka gasa a wuta aka daka da tafarnuwa da barkono. Akwai dhalpuri da ake cusa wa niƙaƙƙen wake a ciki. Akwai paratha mai mai, wadda ake bubbugawa a kan kasko har ta yayyage, shi ya sa suke ce mata buss up shut, wai yagaggiyar riga. Amma ki lura, 'yar uwa, wanda ya taso a Delhi in ya ci korin Tirinidad zai ce ba irin na gidansu ba ne. Ɗan ƙwadagon da aka ajiye a barikin gonar rake ba shi da kayan ƙamshi ashirin. Abin da ya samu a ƙasa da shi ya yi aiki: attaruhun Karebiyan, ɗanyen mangwaro, da wani ganye mai ƙarfin ƙamshi da ke fitowa a bayan gida kamar ciyawa. Wannan ganyen Indiyawan suna ce masa bandhania, sauran jama'a kuma chadon beni, sunan da ya samo asali daga Faransanci. Ganye ɗaya, suna biyu, kowane gida yana amfani da shi.

A ganina nan ne amsar tambayarki take. Mutane suna son rarraba abincin, su ce wannan na wane ne, wancan na wane. To amma a kicin ɗin ɗan Tirinidad, ko Bahindu ne ko Kirista ko Musulmi, za ki tarar da kwalba ɗaya ta markaɗen chadon beni da lawashi da tafarnuwa da thyme da tattasai mai ƙamshi, da shi ake jiƙa nama kafin ya ga wuta, kori za a yi ko miya. Kaguwa da madarar kwakwa sun shiga tukunyar kori, har korin kaguwa ya zama abin alfaharin Tobago. Doubles kuma, soyayyun waina biyu na fulawa da ake zuba wa korin channa (wani irin wake ne) da miyar tsamiya, wani Musulmi ne, Emamool Deen, shi da maiɗakinsa suka fara sayar da shi a Princes Town a 1936, yau kowa da shi yake karya kumallo a bakin titi. Da Kirsimeti kowa yana naɗe pastelle, garin masara da nama da zabibi da zaitun a ganyen ayaba, gadon maƙwabtansu 'yan Benezuwela. Da ƙaramar sallah, wadda ranar hutu ce a ƙasar, Musulmi suna raba sawine, siririyar taliya da madara da kirfa, maƙwabta na kowane addini suna zuwa sha.

Batun kiyayewa: ki tambaya kafin ki ci, ba za su ji haushi ba, sun saba zama da Musulmi. Gidaje da yawa suna jefa wutsiyar alade mai gishiri a callaloo da shinkafa da miyar masara don ɗanɗano, kuma ba a ganinta da ido in ta narke. Akwai naman alade da tafarnuwa na 'yan Fotugal da ake yi da Kirsimeti. Baƙin kek ɗinsu na biki da giya ake jiƙa shi, wasu ma suna tsiyaya giya a zoɓo. In kina girkawa da kanki, kifi banda ko busasshen naman shanu yana maye gurbin aladen sosai.

Ki fara da shinkafar nan, pelau, domin ita ce ta fi kusa da dafa-dukarmu, kuma a cikinta za ki koyi dabarar da ta bambanta girkinsu. Ki jiƙa kaza kilo ɗaya da markaɗen ganyen tun dare. In ba ki samu chadon beni ba, ki ninka ganyen koriyanda. Ki ɗora tukunya mai kauri, ki zuba mai kaɗan da sukari ja cokali uku, ki tsaya a kansa kada ki matsa. Zai narke, ya yi kumfa, ya koma ja mai duhu. A daidai nan ake zuba kazar. Kika yi sauri, abincin zai yi zaƙi. Kika makara ya yi baƙi yana hayaƙi, ɗaci ne, gara ki wanke tukunyar ki sake. Ki juya kazar har launin ya kama ta, ta fitar da ruwanta ya tsotse. Sai ki zuba shinkafa 'yar turare kofi biyu, da dafaffen wake (su na bishiya suke sawa, wanda wasu ke kira waken Turawa, amma farin wakenmu ma yana yi), da kabewa, da karas, da madarar kwakwa kofi ɗaya, da ruwa kofi biyu. Ki ɗora attaruhu cikakke a sama, ki rufe, ki rage wuta kamar minti talatin. Kada ki bari attaruhun ya fashe, ƙamshinsa ake so.

In kin sauke, kada ki zubar da ƙanzon. Su bun-bun suke ce masa, har rububinsa ake yi. Ki kankaro shi ki ɗora a kan wanda za ki aika wa maƙwabciyarki.