Shugaban taro ne ko ciyaman?

Wani mai karatu daga Gusau ya aiko da tambaya. Ƙungiyarsu ta tsofaffin ɗalibai za ta buga katin gayyata, sai gardama ta kaure a kan wanda zai zauna a kujerar tsakiya ya tafiyar da zaman: ciyaman za a rubuta, ko shugaban taro, ko uban taro?

Malam, ku rubuta shugaban taro.

Masana da dama na ganin "shugaba" daga "shiga gaba" ta samo asali, wato wanda ya wuce gaba saura suka bi. Haka "jagora", mai jan gorar makaho, da "jagaba", wanda ke gaban ayarin fatake yana duba hanya. Sarautar Jagaban Borgu da Bola Tinubu ke riƙe da ita wannan kalmar ce. To shugaban taro shi ke buɗe zama, ya ba da izinin magana, ya tsawatar in an fara hayaniya, ya rufe. Da an tashi, shugabancinsa ya ƙare.

Ciyaman kuwa aro ce daga Turanci, kuma ba na ƙyamar ta, ta zauna daram a bakin mutane. Sai dai Bahaushen Najeriya ya ba ta ma'anar muƙami mai wa'adi. In ka ce ciyaman ya iso, hankali zai tafi ga shugaban ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 774, ko na jam'iyya, ko na ƙungiyar direbobi a tasha. Ku buga ta a kati, baƙi za su zaci shugaban ƙungiyarku kuke nufi, alhali wataƙila wani dattijo kuka gayyato daga waje. A Nijar ma, inda aron ya fi zuwa daga Faransanci, ba kowa zai gane ta ba.

Uban taro girmamawa ce zalla. Sarki ko hakimi ake ba, ya zauna, ya sa albarka, ba a ɗora masa wahalar cewa wane ya yi shiru. Shi kuma mai riƙe da makirufo yana kiran sunaye, mai gabatarwa ne, wasu su ce sanƙira.

A majalisa lamarin ya ɗan bauɗe. Mai jagorantar zaman Majalisar Wakilai kakaki ake ce masa, kamar Tajudeen Abbas da ya hau a 2023, amma na dattawa Shugaban Majalisar Dattawa ne. Kakaki asalinsa dogon ƙahon ƙarfen nan ne da ake busa wa sarakuna, shi ya sa ta fi dacewa da mai magana da yawun wani, irin kakakin rundunar 'yan sanda. Kada ku kai ta taron tsofaffin ɗalibai.

In mace kuka zaɓa, ku rubuta shugabar taro.