Ku Tambaya Mu Amsa: Wace Kaza Ta Dace da Tsakar Gida?

Assalamu alaikum. Ina so in fara kiwon kaji kamar goma a gidana don ƙwai da ɗan cefane. Wasu sun ce in sayi jajayen kajin turawa, wasu sun ce na gida. Wanne ya fi? Daga wata uwargida, Tawa.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki zaɓi kaza, ki fara duba abin da za ki iya zuba mata kullum, domin a nan maganar take. Jar kazar ƙwai irin ISA Brown tana fara saka tana da mako 18 zuwa 20, kuma tana iya ba ki ƙwai wajen 300 a shekara. Amma kowace ɗaya tana cin giram 110 zuwa 120 na haɗaɗɗen abinci a rana, wato goma za su cinye fiye da kilo 30 a wata. Idan kika koma ba ta dussa da tsakin hatsi kawai, ƙwan zai ja baya cikin ƴan kwanaki. Kuma ba ta kwanci, in ta tsufa sai kin sake sayen wasu ƴan tsakin.

Kazar gida kuwa sai ta kai wata shida take farawa, ƙwanta 40 zuwa 60 ne a shekara, tana yin goma sha wani abu ta kwanta a kai. Ta san rana, ta san tono, tana renon ƴaƴanta da kanta, kuma a kasuwa namanta ya fi daraja. Idan kin samu marasa gashi a wuya kada ki raina su don muni, sun fi sauran jure zafi.

Shawararmu ita ce ki nemi kajin gida takwas zuwa goma masu lafiya, ki haɗa su da zakara ɗaya mai girman jiki, maja ko makamancinsa. Ƴaƴan za su fi iyayensu mata nauyi da yawan ƙwai. Sharaɗi biyu ne: ki raba gidan da sauran zakarun gida, kuma ki sauya zakaran bayan shekara don kada ya bi ƴaƴansa. Ki riƙa barin ƴan asalin na gida biyu ko uku saboda kwanci, ki sa wa kowace ƙwai 10 zuwa 12 waɗanda ba su wuce mako ɗaya ba. Kwana 21 su ƙyanƙyashe.

Farare na nama, masu isa yanka a kwana 45, ki bar su tukuna. Zafin Afrilu da Mayu na Tawa, da ke wuce digiri 40, yana kashe su daidai lokacin da suka yi nauyi.

Duk hunturu kajina sai su ƙare. Suna zawo kore, wuya ya murɗe, wasu su riƙa zagaye wuri ɗaya. Na ba su kafso a ruwa bai yi ba. Daga wani magidanci, Bukoki, Yamai.

Malam, Allah ya mayar da alheri. Alamun da ka faɗa na cutar Niyukasil ne, kuma ba ta jin kafso, ba ta da magani in ta kama. Rigakafi ne kaɗai. Akwai ITA-New, allura ce ta rabin mililita ga babbar kaza, akwai kuma I-2 da ake ɗiga ɗigo ɗaya a ido a maimaita duk wata huɗu. Ka je wurin ma'aikatan kiwo tun watan Oktoba ko Nuwamba, kafin iskar ta taso, domin sai bayan kamar mako biyu rigakafin ke kama jiki. Ba a yi wa wadda ta riga ta kamu.

Galibi daga kasuwa cutar ke shigowa. Mutum ya ga annoba ta faɗa masa, sai ya kwashe sauran ya sayar da araha. Duk sabuwar kaza, ko ta kyauta ce, ka keɓe ta mako biyu. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa a bola. Idan suna zubewa da yawa cikin kwana ɗaya, ka sanar da likitan dabbobi nan take, murar tsuntsaye ma haka take farawa.

Kajina suna sakin baki da rana, ɓawon ƙwan kuma ya yi laushi. Daga wata ɗaliba, Tawa.

Zafi ne, ƴar uwa. Kaza ba ta gumi, haki take yi, ta rage ci, ɓawo ya raunana. Ki shimfiɗa zana a kan kwanon akurkin, ki buɗe gefe biyu da raga, kada su wuce huɗu a murabba'in mita ɗaya. Ruwa daga tulu, a inuwa, a sauya sau uku a wuni. Abinci da asuba da kuma bayan la'asar. Ki ƙona ƙashi ki daka, ko ki soya ɓawon ƙwai ki niƙa, ki ajiye musu a kasko dabam su riƙa tsattsaga.