Amsa ga Malam: tsaron Stanford ba sa'a ba ce

Malam, ka tambaya ko ƙungiyar da ta ɗauki kofi ba tare da ta ci ƙwallo ko ɗaya a wasanninta biyu na ƙarshe ba ta cancanci yabo, ko kuwa sa'a ce kawai ta taimake ta. Na san ƙungiyar Jami'ar Stanford ta 2016 kake nufi, ta gasar ƙwallon ƙafa ta jami'o'in Amurka. Ina karatu a Kalifoniya a lokacin, kuma na kalli wasanninsu da dama a filinsu, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Gaskiya ne, a Houston sun yi canjaras babu ci da North Carolina, suka haye da fenariti 10 da 9. Bayan kwana biyu suka sake yin haka da Wake Forest, 5 da 4. Golansu Andrew Epstein ya tare bugu biyu na ƙarshe, ɗaya ma da ya shiga da kofin ya tafi. Wannan kam akwai rabo a ciki, ban musa ba.

Amma mutane suna zaton tare gida suka yi, su jibge mutum goma a gaban raga suna addu'a. Ko kusa. Kocinsu Jeremy Gunn, ɗan Ingila, 4-4-2 yake bugawa, kuma tsaron daga 'yan gaba yake farawa. Na taɓa zama dab da layi, na bar kallon ƙwallo na zuba wa 'yan gabansu Foster Langsdorf da Corey Baird ido. Da zarar ɗan bayan abokan hamayya ya karɓi ƙwallo, ɗaya ya taso masa, ɗayan ya toshe hanyar tsakiya. Dole ya ɗaga ta sama, can kuwa ɗan bayan Stanford Tomas Hilliard-Arce na jira da kai. Haka za a yi ta yi har mutum ya gaji da kallo. Abokina da muka je tare sai da ya ce shi barci yake ji, wallahi ban ga laifinsa ba.

Akwai kuma abin da mai kallon Firimiya ba zai lura da shi ba. A ƙwallon jami'a na wancan lokacin ana canjin 'yan wasa da yawa, wanda aka fitar ma yana iya dawowa, shi ya sa ake iya wannan matsin lamba har ƙarshe. Sannan a lokacin ana buga kusa da na ƙarshe ranar Juma'a, na ƙarshe ranar Lahadi. Ka buga minti 110, ka huta kwana ɗaya, ka dawo. Mai dogaro da gwaninta ƙafa na yi masa nauyi, mai tsari kuwa kowa ya san inda zai tsaya ko da ya galabaita.

Abin da ya rufe min baki shi ne 2017. Epstein ya tafi, Nico Corti ya shiga raga, amma aka gama gasar cin kofin ƙasa ta ƙarshen kaka ba a zura musu ko ɗaya ba. Suka doke Indiana 1 da 0 a ƙarin lokaci, Sam Werner ya ci, kofi na uku a jere ke nan tun daga 2015. Gola ya canza, raga ta ci gaba da zama a kulle. In sa'a ce, Malam, to ta san adireshinsu.