Shin labarin halittar Girkawa wahayi ne da aka gurɓata?

Tambaya: Malam, a darasin adabi an ba mu labarin halittar duniya na Girkawa. Sai aka turo min bidiyo, mai magana yana cewa wahayi ne aka saukar musu suka gurɓata, kuma sunayen cikinsa na aljanu ne, duk wanda ya maimaita su sai sun taɓa shi. Tun ranar na kasa buɗe littafin, ga jarrabawa ta matso.

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki ki buɗe littafinki. Kin san jerin: Kawos wato wawakeken rami ya fara samuwa, sai Gayiya wato ƙasa, ta haifi Uranus wato sama, ɗansu Kuronus ya tsige uban, shi ma ɗansa Ziyus ya tsige shi. Ba zan maimaita miki darasi ba.

Maganar wahayin nan ce ke ci min tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai an kawo min ita. Girkawa ba su da littafi guda da kowa ya yi imani da shi. Abin da kuke karantawa waƙa ce ta Hesiyod, manomi daga ƙauyen Askara a gindin dutsen Helikon, wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa. A farkon waƙar ma, allolin waƙa da ya ce sun same shi yana kiwon tumaki sun gaya masa cewa sun iya ƙarya mai kama da gaskiya. Wane wahayi ne ke buɗewa da haka? Homa, wani mawaƙinsu, ya ce Okiyanus, ruwan da ya kewaye duniya, shi ne asalin alloli. Mabiya Orfiyus, mawaƙi a tatsuniyoyinsu, suka ce daga ƙwai aka fara. Su kansu Girkawa sun soki labaran: masanin falsafa Zenofanis ya zargi Homa da Hesiyod da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, Aflatun kuma ya ce labarin Kuronus bai dace a gaya wa yara ba. Har makamancin labarin an samu a allunan yumɓu na Hitiyawa, wata tsohuwar al'umma, a birninsu Hattusa, cikin Turkiyya ta yau, inda Kumarbi ya tsige Anu, allahn sama.

Sunayen ma kalmomi ne na harshensu. Gayiya ƙasa, Uranus sama, Kawos wawakeken rami. Kuma duk mai karanta ilimin taurari yana faɗin Uranus, sunan ɗaya daga cikin duniyoyin da ke kewaya rana, ba abin da ya same shi.

Masu irin wannan bidiyo ba su karanta layi ɗaya na waƙar ba, mabiya suke nema, wasu ma a ƙarshe su tallata maganin tsari. Na ga ɗaliba mai ƙwazo ta ajiye darasi saboda su, abin ya yi min ciwo. Su ji tsoron Allah, su daina jingina wa wahayi abin da mawaƙi ya tsara, su bar 'ya'yan mutane su yi karatu.