Na'urar tafiya da ake ɗaurawa a jiki: za ta tayar da ƙanena?

Tambaya: Ƙanena ya yi hatsarin acaɓa a nan Agege, laka ta taɓu, ƙafafunsa sun shanye. Na ga wata na'ura a Facebook da ake ɗaura wa mutum ya miƙe ya taka. Mu haɗa kuɗi mu saya masa?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Na'urar gaskiya ce. Ƙarafa ne ake ɗaurawa daga ƙugu zuwa tafin sawu, da ƙananan injina a ƙugu da gwiwa, batir na ba su wuta. A irin ReWalk, wadda Amurka ta amince a yi amfani da ita a gida a 2014, mutum yana ɗan sunkuyawa gaba sai na'urar ta gane, ta jefa masa ƙafa. HAL ta Japan kuwa saƙon jijiya take karantawa ta fata.

Amma na'urar ba ta ɗinke lakar da ta tsinke. Ɗaukar ƙafafun take yi, da an kwance ta sai a koma keke. Kuma ba kowa take karɓa ba: sai mai ƙarfin hannu da kafaɗa, domin da sanduna biyu ake dogarawa. Shi kansa Amit Goffer da ya ƙirƙiro ReWalk bai iya amfani da ita ba, saboda shanyewarsa ta haɗa da hannaye. Sannan dole a auna ƙwarin ƙashi, don ƙafar da ta daɗe ba ta taka ƙasa ba tana saurin karyewa.

Kuɗin ReWalk a 2014 ya kusa dala 70,000, ban da horo da gyara. Ka dubi layin gidanku da damina, ga kwata ga ramuka, alhali shimfiɗaɗɗen daɓe take so.

Ni dai a ganina kada ku sayar da gona ko fili saboda ita. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne gyambon kwanciya da ciwon mafitsara, su ne ke kwantar da irin waɗannan majinyata. A riƙa juya shi duk bayan awa 2, a duba ɗuwawu da dunduniya kullum, a samo keke daidai jikinsa da matashi mai kyau.

Ku kai shi asibitin ƙashi na Igbobi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, ku tambayi likita: lakar ta yanke ɗungurungum ne, ko da saura? In da saura, gashin ƙashi da atisaye kan lokaci na iya dawo da wani motsin, kuma daga nan ne za a san ko na'urar za ta amfane shi.