Itacen bakin titi a Gusau: wanne za a dasa, kuma yaushe?

Malam da ka tambaya wane itace ya kamata matasan unguwarku su dasa a bakin titi, kuma me ya sa na bara duk suka mutu, to ni dai a ganina matsalar ba a irin itacen take ba, lokaci ne da kulawa. Yawanci ana dasawa ne a ƙarshen damina a ɗauki hoto a watse, sai rani ya shigo, Maris da Afrilu zafin Gusau ya haura digiri 40, ga awaki suna yawo, ta ina dashe zai rayu?

Ku dasa a Yuni ko Yuli da zarar ruwa ya zauna, rami mai zurfi, a zuba taki. A kewaye da ƙaya ko bulo, buhu kaɗai akuya ba ta jin kunyarsa wallahi. Sannan kowane itace a damƙa shi ga mai shago ko mai shayin da ke kusa, ko ruwan alwala yake zuba masa kullum ya wadatar har ya kama ƙasa.

Iri kuwa dogonyaro ne kan gaba, yana jure fari kuma ga inuwa har da rani. Maɗaci ma yana da kyau amma yana girma sosai, kar a sa shi ƙarƙashin wayar lantarki ko dab da kwalbati. Turare ku bar shi, shan ruwa gare shi kuma inuwarsa ba ta taka kara ta karya ba. Ku leƙa sashen gandun daji na jiha ku tambayi dashe tun kafin damina ta faɗi.