Otal mai ɗaki da falo da kicin a cikin unguwa: zai rage wa mai zuwa sari kashe kuɗi?

Wata 'yar kasuwa ce ta aiko da wannan tambaya: "Ina fita sarin kaya ƙasar waje sau uku a shekara, ni da ƙanwata, kowace tafiya mukan yi kwana 10 zuwa 14. Kullum a otal ɗin da ke bakin kasuwa muke sauka. Yanzu an nuna mini wani matsakaicin otal mai ɗaki da falo da kicin, kamar gida, amma a cikin unguwar da mutane ke zama yake, da ɗan nisa daga kasuwa. Kuɗin kwanansa ya fi sauƙi. In koma can?"

Hajiya, ga mutum biyu masu yin sama da mako guda, irin wannan masauki yakan fi riba, kuma ina goyon bayan ki gwada. Sai dai kuɗin kwanan da aka nuna miki ba shi ne zai raba gardama ba. Abin da za ki kwatanta shi ne jimillar abin da kwana ɗaya na tafiyarki ke ci a nan da can: ɗaki, abinci, mota, wanki, da lokacin da hanya ke cinyewa.

Bari mu ɗauki lambobi don misali kawai. A ce otal ɗinki na yanzu yana karɓar 100 a dare, sabon kuma 80. A kwana 12 kin tsira da 240. To amma a da da ƙafa kike shiga kasuwa, yanzu sai da mota. Idan zuwa da dawowa na cin 15 a rana, 180 ta tafi, saura 60 a hannunki. Ranar da kika dawo da kaya masu nauyi dole ki ɗauki tasi, sai sittin ɗin ma ta bi ruwa. Kin ga ke nan ragin kuɗin ɗaki shi kaɗai bai isa dalilin sauya masauki ba.

Inda ribar take da gaske shi ne kicin da injin wanki. Mutum biyu da ke sayen abinci a waje sau uku a rana har kwana 12 sun sayi kwano 72. In kuna karyawa a masauki, kuna dafa na dare, na rana kaɗai za ku saya, wato kwano 24. Nan ne kuɗi ke zama. Amma ki faɗa wa kanki gaskiya: bayan kin wuni a tsaye kina ciniki, ƙafa ta kumbura, za ki iya ɗora tukunya? Na fi damuwa da wannan a kan sauran lissafin duka, domin da yawa sukan biya kuɗin kicin su ƙare da dafa ruwan zafi kawai a cikinsa. Ku yi shawara da ƙanwarki tun a gida, ku san wa zai yi girki, kuma ku dafa na kwana biyu ko uku a lokaci ɗaya ku sa a firiji. Ki kuma tambayi abin da suke kira kicin, don wani wurin murhu ne da tukwane da wuƙaƙe, wani kuwa buta ce ta lantarki da na'urar ɗumama abinci.

Sai lokaci, wanda 'yan kasuwa ba su cika rubuta shi a littafi ba. Awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, a kwana 12 awa 24 ke nan, daidai da wuni uku na aikin awa takwas. Idan hakan ya sa kika ƙara ko da kwana ɗaya a kan tafiyar, kin biya ɗaki da abinci na ƙari, wataƙila har da kuɗin sauya tikiti. Kafin ki biya ko sisi, ki buɗe taswirar wayarki ki sa adireshin masaukin da na kasuwar, ki duba tsawon tafiyar a lokacin fitar ma'aikata da safe da lokacin tashinsu da yamma, ba da tsakar rana ba. A ganina, in ya wuce minti 40 kuma babu tashar jirgin ƙasa ko ta bas da za ki taka da ƙafa, ki haƙura da shi.

Yana da kyau ki san dalilin arahar, domin a nan ƙarfinki yake wajen neman ragi. Tun asali don baƙi masu daɗewa aka ƙirƙiro irin wannan otal. Residence Inn, ɗaya daga cikin na farko-farko, an buɗe shi a birnin Wichita na Amurka a 1975, kamfanin Marriott ya saye shi a 1987. Tsarin bai canza sosai ba: ma'aikata kaɗan, babu babban gidan abinci, shara da sauya zanin gado sau ɗaya ko biyu a mako maimakon kullum, sannan fili a unguwa bai kai na tsakiyar kasuwanci tsada ba. Baƙon da zai yi kwana 12 ya fi musu baƙi shida masu kwana bibbiyu, don sau ɗaya za a gyara ɗaki a karɓe shi. Shi ya sa ragin mako yake farawa daga kwana bakwai, na wata kuma a Airbnb, shafin hayar gidaje da ɗakuna na intanet, daga kwana 28. Ki nemi farashin mako, kada ki yarda da na kwana. Shafukan kama ɗaki irin su Booking.com kuma suna cire la'adarsu daga otal, sau da yawa wajen kashi 15 cikin ɗari. A tafiyar farko ki bi ta shafin, ki zaɓi tsarin da za ki iya fasawa ba tare da asara ba, don ki sami wanda za ki kai wa ƙara in abin da kika tarar ba shi ne na hoto ba. In wurin ya yi miki, ki karɓi lambar manaja, ki gaya masa sau uku kike zuwa a shekara, ku yi cinikin gaba kai tsaye.

Yanzu maganar kaya, wadda ita ce ta bambanta ki da mai yawon buɗe ido. Otal ɗin bakin kasuwa ya saba da kwalaye da diloli da 'yan dako. Na unguwa yana zaune ne cikin maƙwabta masu son shiru, kuma da yawa suna da dokar hana tara kaya ko shigo da baƙi ɗaki. Ki aika musu da saƙo a rubuce: za a bar ki ki shigo da kwalaye, kuma guda nawa? Akwai lif, ko ɗakin a hawa na huɗu yake a matakala? Mota za ta iya tsayawa a ƙofa a yi lodi? Mai kawo miki samfur zai iya shigowa falo? Ki ajiye amsar a waya. Mafi alheri ma kayanki su wuce daga kasuwa zuwa sito na kamfanin da zai yi miki jigila, masauki ya zama na ku biyu da samfur da takardu.

Akwai kuɗin da ba a sa wa a kan tallar. Wasu na ƙara kuɗin sharar ƙarshe, birane da dama na da harajin baƙi da ake biya a kan kowane dare, wasu kuma lantarki daban ake lissafa shi ga mai daɗewa. Ki ce a ba ki jimilla ɗaya da ta haɗa komai. Kuɗin ajiya na ko-ta-kwana saboda ɓarna shi ya fi shafar jarinki: ana riƙe shi a katin banki, kuma yakan ɗauki kwanaki bayan kin tashi kafin banki ya sake shi. Kada ki ba da katin da kuɗin sarinki ke ciki. Da shigarki ki ɗauki hoton kowane lungu, har da kwanuka da tabon kujera, ki tura wa masu wurin a ranar. In na'urar biya ta tambaye ki a wane kuɗi za a cire, ki zaɓi na ƙasar da kike ciki, domin canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi na banki tsada.

Ki kuma tabbatar otal ne mai rajista da izinin saukar baƙin ƙasar waje, ba gidan wani ba ne da ya sa wa suna. Wasu ƙasashe na wajabta yi wa baƙo rajista da hukuma. A ƙasar Sin, alal misali, cikin awa 24 ne, otal ke yi wa wanda ya sauka a wurinsa, wanda ya sauka a gida kuwa shi ko mai gidan ne zai yi rajistar a wurin 'yan sanda. Ki tambaya ko akwai ma'aikaci a teburin karɓar baƙi dare da rana, don wasu suna rufewa da yamma su bar wa baƙo lambar buɗe ƙofa, kuma ba na so jirginku ya sauka ƙarfe biyun dare ku tsaya a titin unguwar da ba ku sani ba da jakunkuna da kuɗi.

A wannan tafiyar ki ba ƙanwarki ƙaramin littafi ta riƙa rubuta duk abin da ya fita kullum, na mota daban, na cefane daban, da ƙarfe nawa kuka isa kasuwa. Ki karɓi rasit mai sunan otal da hatiminsa. Da kun dawo ki ɗora jimillar a gefen ta tafiyar da ta wuce, sannan ki raba ta a kan kayan da kika saro kafin ki yanka musu farashi.